Sunan da Ba a Faɗa: Daga Bona Deya zuwa Doguwa

A tsohon birnin Rum akwai wata abar bauta da mata suka keɓanta da ita, suna roƙonta haihuwa da lafiya. Ana ce mata Bona Deya, wato "abar bauta ta gari". Wannan laƙabi ne kawai, domin an hana maza sanin sunanta na ainihi. Kowane watan Disamba, matan manyan gari kan taru da dare a gidan babban mai mulki, bayan an fitar da duk wani namiji. A wurin nan ba a kiran giya da sunanta, sai a ce madara, tulunta kuma a ce tukunyar zuma. A shekara ta 62 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani mai suna Kulodiyus ya yi shigar mata ya kutsa bikin a gidan Yuliyus Kaisar. Da asirinsa ya tonu, Kaisar ya saki matarsa Pompeya.

Ɗalibin harshe da ya tashi a Tahoua ko ƙauyukan arewacin Adar ya san irin wannan sakaya tun a gida. A borin Adar, wanda Nicole Echard ta wallafa littafi a kansa a 1989, Doguwa tana cikin manyan iskoki, kuma Doguwa siffa ce da aka ɗora a mazaunin suna. A wasu sassan ƙasar Hausa akan ce Inna ko Uwar Gona, sunayen da ke nuni ga haihuwa da albarkar ƙasa. Su kansu iskoki "mutanen ɓoye" ne, macen da suka hau kuma "goɗiya". Babu dangantakar tarihi tsakanin Rum da Adar, bori ma bai rufe wa maza ƙofa ba. Abin da ya haɗa su shi ne yadda tsoro da girmamawa ke sa harshe ya kauce wa suna, kamar yadda uwa ke alkunyar sunan ɗan fari.

Sai dai labarin Rum yana ɗauke da gargaɗi. Galibin abin da aka sani game da bikin Bona Deya maza ne suka rubuta shi, irin su Sisero da Fulutak, waɗanda ba su taɓa halartarsa ba. Waƙoƙin matan da addu'o'insu sun tafi tare da su.

A Adar kuwa akwai sauran tsofaffin mata da ke riƙe da kirarin iskoki, ko da yake da yawa sun daina faɗinsa a fili. Adana kalma ba imani da ita ba ne. Aikin ya fi dacewa da ɗalibai mata, domin su ke iya shiga cikin gida su zauna da Inna ko Kaka, su nemi izininta, su naɗi muryarta. Su kuma rubuta da Adaranci yadda aka furta: inda tsohuwa ta ce Azna, kada alƙalami ya mayar da shi Arna.