Sa Kai Ya Fi Bauta Ciwo

Na daɗe ina koyar da wannan karin magana a aji, amma wanda ya fara fahimtar da ni ma'anarsa wani malamin firamare ne a unguwarmu a Damagaram, lokacin ina ɗan shekara 11.

Shi ya kafa ƙungiyar 'yan sikawut ta unguwar, ba albashi, ba ofis. Kowace Asabar bayan la'asar yakan tara mu a gindin wata tsamiya, ya koya mana ƙulle-ƙullen igiya, da yadda ake ɗaure rauni, da gane alƙibla ta hanyar taurari. Ƙyallayen da muke ɗaurawa a wuya da kuɗinsa ya saya. Da wasu iyaye suka yi zaton aikin soja ake shirya mu, sai ya bi su zaure-zaure yana bayani har suka yarda.

Ya raba mu rukuni-rukuni, kowane da shugabansa daga cikin yaran. Daga baya na karanta cewa haka Baden-Powell ya yi a zangon farko na 'yan sikawut, a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, inda ya kasa yaran rukuni huɗu. Ni aka ba shugabancin yara shida.

A zangonmu na farko a bayan gari, ni ke da alhakin girkin dare. Na zuga wuta fiye da kima, shinkafa ta ƙone. Malam yana zaune yana kallo, bai ce uffan ba. Ya sa hannu ya ci tare da mu, sannan ya dube ni ya ce, "To, shugaba, gobe yaya za ka yi?" Na kwana ina jin haushinsa, don da ya yi magana ɗaya da abincin ya tsira.

Bayan shekara biyu aka yi masa canjin wurin aiki. Manyan unguwa suka ce shi ke nan, ƙungiya ta mutu. Asabar ta zagayo, muka hallara a gindin tsamiya kamar kullum. Mu shugabannin rukuni muka busa usur, kowa ya kama aikinsa. Haka muka yi watanni, har wani malami ya ga abin ya karɓi riƙonmu.

Yau idan ɗalibi ya kawo mini babin bincikensa, hannuna yakan yi ƙaiƙayin gyara masa kome. Sai in tuna shinkafar nan. Ciwon sa kai bai tsaya ga kuɗi da lokacin da mutum ke bayarwa ba. Akwai kuma ciwon janye hannu alhali ka iya, domin na bayanka ya koya. Nakan ajiye alƙalami in tambayi ɗalibin yadda shi yake ganin za a gyara.