Burodin Biriyosh: Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai

Hausawa sun ce suna linzami ne, amma a kasuwa sau da yawa suna tarko ne. Abin da ya sa na kawo wannan magana shi ne wani ɗan ƙwarya-ƙwaryar burodi mai ƙyalli, kewayayye kamar faifai, wanda ya cika manyan kantunan Legas da Abuja, ana kiransa biriyosh. Shi ne ake tsagawa biyu a cusa soyayyen niƙaƙƙen nama a kira shi baga, ko a sa ƙwai da ganye a kira shi sanwic. Kuɗinsa kuwa ya ɗara na burodin mai shayi nesa ba kusa ba.

Asalin biriyosh daga ƙasar Faransa ne, kuma an sami sunansa a rubuce tun shekarar 1404. Yawanci ana danganta shi da lardin Normandi, inda Allah Ya hore musu shanu da bota. Abin da ya bambanta shi da sauran burodi shi ne, maimakon ruwa, da ƙwai ake kwaɓa fulawar, sa'an nan a riƙa zuba bota kaɗan-kaɗan har takan kai rabin nauyin fulawar, wani lokaci ma ta wuce. Daga nan sai a bar kwaɓin ya kwana a wuri mai sanyi kafin a kai shi tanda. Saboda haka tun fil azal abincin masu hali ne da ranakun biki. Har yau ana jingina wa Sarauniya Marie Antoinette wata maganar raini ga talakawan da suka rasa burodi, wadda aka ambaci biriyosh a cikinta, ko da yake masana tarihi sun ce babu hujjar cewa ta faɗe ta.

Ita kuwa baga a Amurka ta yi tashe, musamman bayan da aka buɗe gidan abinci na White Castle a garin Wichita a 1921. Farin burodi mai araha aka san ta da shi. Sai daga baya masu gidajen abinci na alfarma suka haɗa ta da biriyosh don su ɗaga darajarta, su kuma ɗaga farashi. Da kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe, sai suka shiga gasa shi dubbai suna ɗurawa a leda.

To, a nan gizo ke saƙa. Burodin da aka yi da ƙwai da bota zalla ba ya wuce 'yan kwanaki sai ya bushe, amma na leda yakan yi makonni yana nan da taushinsa. Aikin jarida ya koya mini karanta ƙananan rubutu, don haka duk lokacin da na shiga kanti nakan juya ledar in duba bayanta. A ƙa'ida ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. A wasu ledojin za ka ga fulawa, ruwa, sukari, man girki, sa'an nan can ƙasa ƙwai ya leƙo, botar kuwa ko dai ta zo a ƙarshe ko babu ita sam. Ruwan ɗorawar da ke jan ido a wasu ba na gwaiduwa ba ne, launi ne aka sa, ga kuma sinadarin hana fumfuna. Akwai na kirki a cikinsu, ba na musu, amma sunan da ke gaban leda ba shi zai nuna maka su ba.

Abin da ya fi damuna shi ne magidanci ya cire kuɗin guminsa ya biya farashin bota, a ba shi man girki da sukari, ya kai wa 'ya'yansa yana murna. Ga shi kuma mafi yawan alkamar da muke ci daga waje ake shigo da ita. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da ita a 1987, aka janye hanin a 1992, har yau kuwa noman gida bai wadatar da mu ba. Ashe duk ledar da muka ɗauka, wani kaso na kuɗinta ƙetare ya nufa.

Ban ce kada a saya ba. Wanda ya sami na ƙwarai, ya tsaga shi ya ɗan gasa cikinsa a kasko kafin ya sa nama, don kada romo ya jiƙa shi ya dagargaje, lalle zai ji daɗi. Amma ni a wurina, gurasar Kano da aka yayyafa wa mai da ƙuli, aka naɗe tsire mai zafi a ciki, ba ta da abin jin kunya a gaban kowace baga, kuma mai yin ta ba ta ɓoye maka abin da ta zuba.

Saboda haka jama'a, kafin a miƙa kuɗi a juya leda a karanta. In bota da ƙwai suna sahun gaba, to, biriyosh ne. In kuwa sai an yi lalube kafin a gan su, burodi ne mai zaƙi ya ari riga. Allah Ya sa mu gane.