Jitar Yelwa da Kamfas ɗin Alƙibla

Wanda ya taso daga Kano ya bi ta Wudil da Birnin Kudu, da zarar ya doshi Ningi zai ga ƙasa ta sauya kama. Shimfiɗaɗɗun gonaki sun ja baya, duwatsu sun fara leƙowa, kuma su za su yi masa rakiya har cikin garin da Malam Yakubu, mai riƙe da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a 1809. Baƙo a Bauchi yakan fara da ƙofar fada, ya ziyarci kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, in aljihu da nauyi ya zarce Yankari. Ni kuwa masaukina a Yelwa yake, a kan hanyar Dass, unguwar ɗalibai da ma'aikata da majami'u. Ranar Asabar da yamma kowane lungu sai tashin ganga da jita, 'yan kwaya na gwajin waƙoƙin Lahadi, yawancinsu da Hausa.

Ƙanen mai masaukina shi ne makaɗin jitar majami'arsu. Jitar gwanjo ce, kwaikwayon samfurin Stratocaster da kamfanin Fender ya fitar a 1954. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai fikof guda uku, wato 'yan akwatunan da ke ɗaukar motsin tsirkiya su mai da shi lantarki, sai kuma makunni mai matsayi biyar. Fikof ɗin tsakiya ya mutu, ya aika Jos aka sayo masa wani, ya ɗaura da kansa. In ya kunna kowanne shi kaɗai, sauti raɗau. Amma ya tura makunni matsayi na biyu ko na huɗu, inda na tsakiya ke haɗuwa da maƙwabcinsa, sai murya ta sirance ta koma ta hanci, kaurinta ya gudu. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne a daidai waɗannan wurare biyu ne ƙugin wuta da ya saba damunsa yake ɗaukewa ɗif.

Ya ce a gari akwai wani dattijo da yake duba musu amfilifaya, sai na bi shi. Rumfar tana wajejen kasuwar Wunti, cike da gawarwakin rediyo da fankoki, ga warin dalma. Dattijon ya saurari jitar, ya murɗa makunni gaba da baya.

"Baba, ko jabu suka sayar mini?" in ji saurayin.

"Kayanka lafiya lau, ɗana. Ba sa ga maciji ne da junansu."

Ya kwance marfin jitar, ya kuma nuna mana cikin tsohon fikof ɗin da ya mutu. Ba komai ba ne illa maganaɗisu da aka naɗe da wayar jan ƙarfe wadda ba ta fi silin gashi kauri ba. A irin na Fender naɗin yakan kai zagaye wajen 8,000. Tsirkiyar ƙarfe tana kaɗawa a cikin ƙarfin maganaɗisun, kaɗawar ta haifar da 'yar wuta a cikin wayar, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Ƙa'idar da Michael Faraday ya gano ke nan a Ingila a 1831, ita ce kuma take samar da wuta a janareton da ke ƙofar rumfar.

Sai ya miƙa hannu ya ɗauko ɗan kamfas ɗin da yake duba alƙibla da shi. Ya kusantar da shi kan fikof na farko, allura ta juya ta nuna masa kai ɗaya. Na biyu haka, na uku haka. Maganaɗisan duka fuska ɗaya suke kallo. Daga nan ya jona tsohuwar mitarsa mai allura a wayoyin kowane fikof, ya ɗora sukudireba a kansa ya fizge. A na wuya da na gindi, wato na farko da na uku, allurar ta zabura dama. A sabon ta zabura hagu.

"Ka gani, Malam?" ya ce da ni. "Wannan an naɗe shi a baibai."

Bayanin da ya yi ya fi na littafi sauƙi. Abu biyu ne suke yanke inda wutar tsirkiya za ta fara nufa: fuskar maganaɗisu, da ɓangaren da aka bi wajen naɗa waya. In ɗaya kawai ya saɓa, to lokacin da fikof ɗin nan yake turawa, wancan ja yake yi, tamkar mutum biyu suna turin mota, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Dalilin da ya sa sautin bai mutu gaba ɗaya ba shi ne kowane fikof da wurin da yake sauraron tsirkiya. Abin da suka yi tarayya a kai, wato kaurin murya, shi ne yake shafewa, a bar ka da ɗan siririn bambancin da ke tsakaninsu.

Shi kuwa ƙugi ba ta tsirkiya yake shiga ba. Wutar gida a Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka sau 60, kuma naɗin waya yana kwasar wannan juyi daga taransifoma da wayoyin bango ko da babu maganaɗisu a cikinsa. Don haka ƙugi ba ruwansa da fuskar maganaɗisu, naɗi kaɗai ya sani. Naɗi biyu masu saɓani sai su kashe shi.

Saurayin ya ce a musanya wayoyi biyun kawai mana. Dattijon ya girgiza kai. Yin haka zai dawo da murya, amma ya dawo da ƙugi tare da ita, kuma a ginin da wayarsa ba ta da ta ƙasa, ana kan janareto, wannan ba ƙaramar fitina ba ce. Ya kifa sabon fikof ɗin. Irin masu araha ne, sandar maganaɗisu baƙa ce aka manna a ƙasa da gam. Ya sa bakin wuƙa a hankali ya ɓamɓare ta, ya kifa ta, ya mayar. Yanzu naɗi a baibai, maganaɗisu a baibai: sautin tsirkiya ya juya sau biyu ya dawo daidai, ƙugi ya juya sau ɗaya ya mutu. Da maganaɗisan irin na alniko ne, 'yan sanduna shida da aka dasa a cikin naɗin, ya ce da aikin bai zo da wannan sauƙi ba.

Dattijon bai taɓa jin sunan Seth Lover ba, injiniyan kamfanin Gibson da ya haɗa naɗi biyu masu saɓani a fikof ɗaya a 1955, aka fara ɗora shi a jitar Les Paul a 1957. Amma dabarar ita ce dai. Da na ba su labarin Peter Green na ƙungiyar Fleetwood Mac, wanda Les Paul ɗinsa ta 1959 ta yi suna saboda ainihin wannan murya ta hanci, har ta bi hannun Gary Moore ta kai ga Kirk Hammett na Metallica, dattijon ya yi dariya ya ce ashe cutar wani maganin wani ce. Saurayin dai ya ce shi a kwaya yake kiɗa, yana bukatar muryar da za ta tsaya a bayan mata ashirin.

Mu mutanen Kano mun saba ɗaukar jita a matsayin kayan wasu, ko na coci ko na Buzayen Agadas irin su Bombino, tunda waƙoƙinmu na zamani sun koma kan fiyano da kwamfuta. A Bauchi na ga ilimin gyaranta ba baƙo ba ne. Yana hannun masu naɗin fanka da masu gyaran rediyo, waɗanda suka san halin waya da maganaɗisu tun kafin su taɓa tsirkiya. Makaɗa da yawa sukan jingine jita ko su sake kashe kuɗi a kan sabon fikof saboda matsalar da kamfas da mita za su warware kafin shayi ya huce. Shawarar da dattijon ya ba saurayin ta isa kowane makaɗi: kafin ya narka dalma a kan kayan da ya sayo, ya fara duba fuskar maganaɗisu, ya duba inda allura take zabura.