Fushimi: Inda Kunu Da Giya Suke Uwa Ɗaya Uba Ɗaya

A kudancin birnin Kyoto na ƙasar Japan akwai wata unguwa mai suna Fushimi, tafiyar 'yan mintoci a jirgin ƙasa daga tsakiyar gari. Arzikinta ruwa ne. Ƙarƙashin ƙasarta akwai ruwa mai daɗi, shi ya sa tun ɗaruruwan shekaru masu dafa giyar shinkafa, wadda Japanawa ke kira "sake", suka tare a nan. Kamfanin Gekkeikan, alal misali, tun 1637 yake wannan sana'a, kuma ya mai da wani tsohon gininsa gidan tarihi.

Unguwar ba ta da hayaniya. Dogayen gine-ginen katako ne jere a bakin magudanar ruwa, bishiyoyi sun sunkuyo a kai. A ƙofar gidajen giyar za ka ga wani ƙwallo na ganyen itace a rataye: kore ne lokacin da sabuwar giya ta fito, yana bushewa yana komawa ruwan ƙasa yayin da take kwana biyu. A ɗakin ɗanɗano ana jera ƙananan kofuna, wata giyar a sha ta da sanyi, wata a ɗumama. Suna haɗa mai sauƙin ɗanɗano da ɗanyen kifi ko awara, mai kauri kuma da gasasshen nama. Ƙarfinta yakan kai kashi 15 cikin 100, ya ninka na giyar kwalba kusan sau uku. Wannan teburi ba nawa ba ne. Abin da ya kai ni shi ne fumfunar da ke bayan sana'ar.

Sunanta "koji". Ana turara shinkafa, a barbaɗa mata irin fumfunar, a ajiye a ɗaki mai ɗumi kamar kwana biyu. Sinadaran da take fitarwa su ke narka sitacin shinkafa ya koma suga. Duk macen da ta taɓa zuba dankali ko tsiron hatsi a kunun zaƙi ta ga ya tsinke ya yi zaƙi ta san wannan aiki. Mu ma masu harkar magani mun ci moriyarta: a 1894 wani masanin Japan, Jokichi Takamine, ya yi rajistar maganin narkar da abinci mai suna Taka-Diastase, wanda ya samo daga wannan fumfuna. A Disambar 2024 kuma hukumar UNESCO ta sa wannan tsohuwar fasaha cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Daga nan hanya ta rabu biyu. In aka sa yis, sai ya cinye sugan ya mai da shi barasa. In ba a sa ba, aka bar shinkafa da koji da ruwa cikin ɗumi kusan awa 8, sai a samu wani farin kunu mai kauri da ake kira "amazake". Shi na sha, bayan na tabbatar da irinsa. An kawo shi da zafi, da 'yar gogaggiyar ɗanyar citta a kai, da ganye mai gishiri a gefe. Zaƙinsa ya yi kama da na kunun gyaɗar da aka dama da shinkafa, ga shi ba a sa masa suga ko ƙwaya ɗaya ba. Gishirin ganyen shi ke karya zaƙin ya hana shi gundura.

To amma a nan ne matafiyi zai buɗe ido, domin amazake iri biyu ne, suna ɗaya. Na farko shi ne na shinkafa da koji. Na biyu kuwa da dusar giya ake yin sa, wato abin da ya rage bayan an matse giyar, ana kiranta "sake kasu", a dama da ruwa da suga. Wannan akwai sauran barasa a ciki. A dokar Japan, abin sha da barasarsa ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, ba a lissafa shi a giya, don haka yana iya zama a kanta ɗaya da lemo. Tambayar da za ka yi ita ce: na koji ne ko na kasu?

Haka abin yake a kicin ɗinsu. "Mirin", ruwan da ke ba miyar kifi da gasasshiyar kaza zaƙi da sheƙi, na asalinsa yana da barasa kusan kashi 14 cikin 100. Kuma dafuwa tana rage barasa ne, ba lallai ta kore ta duka ba. Hukuncin ɗan abin da ya rage na malamai ne. Nawa shi ne in faɗi abin da ke cikin kwano, musamman ga mai juna biyu, da yara, da mai ciwon hanta, da wanda ke shan Flagyl, wanda ake gargaɗinsa ya guji barasa har kwana 2 bayan ya gama maganin.

Ko na kojin ma akwai magana. Japanawa na yi masa kirari da ƙarin ruwan da ake sha da baki, saboda saurin ba da kuzari. Kuzarin nan suga ne, irin mai saurin shiga jini. Mai ciwon suga ya ɗauke shi kamar yadda zai ɗauki kunun zaƙi, kada "ba a sa suga ba" ta ruɗe shi.

Ɗalibanmu da 'yan kasuwa na zuwa Japan, kayan girkin Japan kuma sun fara shigowa manyan kantunan Legas da Abuja. Kafin kwalba ta shiga kicin, uwargida ta juya bayanta ta karanta. In rubutun ya gagara, a ɗauki hotonsa da waya a fassara, ko a nuna wa mai kantin magani. Allah Ya ƙara mana lafiya.