Ranar Da Na Sa Aka Cire Wa Baba Kala

A 2007 aka yi bikin ƙanwa ta a Matazu, bayan an sayar da auduga. Mu ka ɗauko mai kyamara daga Funtuwa. Bai gama tace aikin ba Allah ya yi wa Baba rasuwa.

To, mai karatu, ka san halin ɗan kallo. A finafinan mu, in za a nuna mafarki ko tuna baya, sai a wanke hoton duka ya koma baƙi da fari. Ni kuwa na ga abin da ya fi haka a "Pleasantville" na 1998, inda za ka ga mai kala tsaye kusa da mara kala. Sai na ce wa edita Baba kaɗai za a mayar baƙi da fari, kowa ya zauna da kalar sa. Wai karramawa ce.

Edita ya dafe kai. Ashe hoton ake ɗorawa hawa biyu a kwamfuta, mai kala a ƙasa, mara kala a sama, sannan a bi gefen jikin mutum ana zagayewa. Daƙiƙa ɗaya hoto 25 ce, kuma Baba ya fito na daƙiƙa 40, wato hoto 1,000. Ga babbar riga ba ta tsayawa waje guda. Da ya saɓa hannun ta sai a sake zane. Sati biyu ya yi, na biya ban yi ciniki ba.

Sai da Inna ta fita takaba mu ka sa faifan. Ga Baba a ƙofar gida ya na gaisawa da jama'a, toka-toka kamar hoton jarida. Na saci kallon ta ina jiran yabo.

"Ɗan nan, ina shuɗin rigar?" Da kuɗin adashin ta ta sai masa shaddar. "Ai ran nan da ran sa. Wa ya aike ka?"

Washegari na koma Funtuwa. An riga an ɗauki wani bikin a kan kaset ɗin asali.

Bara ɗa na ya gwada mayar da kalar da wata manhaja ta waya. Inna ta daɗe ta na dubawa, ta miƙa masa wayar, ta ce ba wannan shuɗin ba ne.