Launin Tufafi da Halin Mutum

Tun fil azal ɗan Adam yake ƙoƙarin gano abin da ke zuciyar ɗan'uwansa ta hanyar abin da ido ke gani. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, 'yan zamani kuwa sun ƙara da cewa a tambayi riga. Sau da yawa ɗalibaina sukan zo mini da abin da suka karanto, wai mai son jan kaya yana da zafin rai da son mulki, mai son shuɗi natsattse ne, mai son baƙi kuma miskili ne. Amsar da nakan ba su a matsayina na manazarcin harshe ita ce, lallai launi yana magana, sai dai da harshen al'ummar da ta raɗa masa ma'ana yake yin ta, kuma wanda bai ji wannan harshe ba zai yi wa mutane gurguwar fassara.

Bari mu fara da Hausa. Launuka uku ne suka yi kaka-gida a maganarmu, wato fari da baƙi da ja. A shekarar 1969 Brent Berlin da Paul Kay suka nuna cewa harsunan da ke da sunayen launi uku kacal, waɗannan ukun suke da su. Hausa ta wuce nan, amma akasarin sauran sunayen daga jikin wasu abubuwa aka ɗauko su, kamar ruwan toka da ruwan goro da ruwan ɗorawa. Da ukun farko muke auna hali. Muna da farin jini da farar aniya, muna da baƙin jini da baƙar magana, muna kuma da jan hali da jan wuya. Ban taɓa jin an ce wane yana da koren hali ko shuɗiyar zuciya ba.

To, amma da zarar an bar fagen magana an shiga na sutura, sai lissafin ya sauya. Baƙin da muke jingina wa baƙin ciki shi ne adon manya. A marina irin ta Ƙofar Mata a Kano, akan yi ta tsoma yadi a baba har ya rine ƙirin, sannan a kai shi mabuga a buge shi har ya riƙa ƙyalli. Ta haka ake samun turkudi da rawani ɗan Kura, waɗanda Abzinawa ke saye da tsada. Fari kuwa shi muke sawa ranar Juma'a, shi ne haramin alhaji, shi ne kuma likkafani, wato launi ɗaya ya ɗauki murna da ibada da mutuwa. Ja da koren da ke jikin dogari aikinsa suke nunawa, domin akwai dogarai masu sanyin hali. Haka ma jar hula a Kano, ta zama tambarin 'yan Kwankwasiyya, masu haƙurinsu da masu faɗansu.

Idan aka leƙa wasu al'ummu, sai abin ya ƙara fitowa fili. Turawa da baƙi suke makoki, farar rigar amarya kuma ta yaɗu a tsakaninsu bayan Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta yi aure da ita a 1840. A al'adar Sinawa amarya ja take sawa, fari na makoki ne. Hausawan zangon Kumasi sun saba ganin Asante suna zuwa jana'iza cikin ja da baƙi. Ashe dangantakar launi da ma'anarsa tamkar ta kalma da ma'anarta ce, yarjejeniya ce ta jama'a.

Masana halayyar ɗan Adam su ma sun tofa albarkacin bakinsu. A 1947 Max Lüscher, mutumin Suwizalan, ya fito da wani gwaji da ake jera wa mutum launuka ya zaɓa, a fassara halinsa daga zaɓin. Gwajin ya yi tashe, amma binciken da ya biyo baya bai tabbatar da ingancinsa ba. Wanda ya fi jan hankalina shi ne na wasu masana a Jamus a 2008. Sun nuna wa alƙalan wasan taikwando su 42 bidiyon fafatawa tsakanin mai jan kaya da mai shuɗi, sannan suka musanya launukan da kwamfuta suka sake nuna musu. 'Yan wasan ba su sauya ba, bugun bai sauya ba, amma a matsakaicin lissafi alƙalan sun ba mai ja maki fiye da na mai shuɗi da kashi 13 cikin ɗari. Wato ƙarfin launin a idon mai kallo ya yi aiki.

A nan ne maganar ta shafe ka kai mai koyon aikin malanta, domin malami alƙali ne a cikin aji. Idan na fita duba ɗalibai masu gwajin koyarwa a makarantun ƙauye, inda yara da yawa ba su da cikakkun kayan makaranta, nakan lura da inda idon sabon malami yake sauka. Yaron da rigarsa ta yi fari fat shi ake tambaya, shi ake ba riƙon alli, shi ake naɗawa monita. Mai koɗaɗɗiyar riga mai duhu yakan ƙare a kujerar baya. Alhali wa ya zaɓar wa yaro riga? Wani kwancen yayansa ne, wata ragowar ankon biki ce aka ɗinka mata, wani kuma uwarsa ce ta zaɓi mai duhu don ba ta nuna dauɗa, tunda farin kaya sabulu yake ci. Abin da malami ya ɗauka hali ne, sau da yawa ƙarfin aljihun gida ne. Haɗarin kuwa shi ne yaro yakan bi zaton da malaminsa ya yi masa, kamar yadda Rosenthal da Jacobson suka nuna a bincikensu na 1968 a Amurka.

Saboda haka shawarata ga sabon malami biyu ce. Ta farko, ya kula da tasa suturar, domin iyaye da yara za su karanta ta da harshen garinsu, ko ya so ko ya ƙi. Ya koyi abin da kowane launi da ɗinki ke nufi a inda aka tura shi, ya kuma tsare tsabta. Ta biyu, ya hana idonsa yanke wa yaro hukunci daga riga. Ya jira ya ji maganarsa, ya duba littafinsa, ya ga zamansa da 'yan ajinsu. Rini yana koɗewa a rana, hali kuwa zanen dutse ne, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai.