Siffar Lu'ulu'u a Zoben Baiko: Turai, Amurka da Ƙasar Hausa

A Amurka da Ingila, saurayin da ya ƙuduri aniyar aure yakan sayi zobe mai lu'ulu'u, ya miƙa wa budurwa a ranar da zai nemi yardarta. Al'adar ta daɗe a gidajen sarautar Turai, domin tun a 1477 Maximilian na Ostiriya ya ba Maryamu ta Burgundi irin wannan zobe. Sai dai ba ta game gari ba sai a ƙarni na 20, lokacin da kamfanin lu'ulu'u na De Beers ya dage da talla, musamman daga 1947.

Abin da ya fi cin lokacin mai saye shi ne siffar dutsen. Wadda aka fi nema ita ce kewayayya. Marcel Tolkowsky, ɗan gidan masu sassaƙa lu'ulu'u a birnin Antwap, shi ya fitar da lissafin kusurwoyinta a 1919. Ana yi mata fuska 57 ko 58 yadda hasken da ya shiga zai dawo ta sama, shi ya sa ta fi kowace walƙiya. Ta kuma fi tsada, saboda kusan rabin ɗanyen dutsen, ko fiye, yakan salwanta wajen sassaƙa. Mai kusurwa huɗu ba ta jawo irin wannan asara, don haka kuɗinta da sauƙi, amma tsinin kusurwoyinta na iya ɓantarewa idan ba a kare su da ƙarfe ba, abin da ya kamata a duba ga macen da ke yawan aiki da hannu. Mai siffar ƙwai da mai siffar ɗigon ruwa sukan bayyana da girman da ya zarce nauyinsu, su kuma ƙara wa yatsa tsawo a ido. Aibinsu shi ne wani duhu da kan gitta tsakiya idan aikin bai yi kyau ba. Akwai kuma doguwa mai matakala, wadda ba ta ɓoye tabo ko kaɗan, dole sai an samo dutse garai. Nauyin dutsen kuwa ana auna shi da karat, kowane karat giram 0.2 ne.

Turawa ma ba bakinsu ɗaya ba. A Jamus da Suwidin, tsohuwar al'ada ita ce saurayi da budurwa kowa ya sa zoben zinare marar dutse. Jamusawa kan sa shi a hannun hagu lokacin baiko, su mayar da shi dama ranar ɗaurin aure.

A ƙasar Hausa kuwa baiko maganar manya ce. Iyaye da wakilai ke kai kuɗin gaisuwa, a raba goro da alewa, a sa rana. Kayan ado kan zo daga baya a cikin lefe: sarƙa, ɗan kunne, awarwaro, har da zobe, kuma galibi yayyen ango da gwaggonninsa ke zaɓa, dangin amarya su buɗe akwatuna a gaban jama'a. Tambayar da ake yi a wurin ita ce ko zinare ne, kuma giram nawa. Wannan tambaya tana da hujja mai ƙarfi. Zinare dukiyar mace ce ta ƙashin kanta, idan buƙata ta taso tana iya kai shi kasuwa a auna, a biya ta kusan farashin ranar. Lu'ulu'u kuwa, wanda ya sake sayar da shi da wuya ya mayar da kuɗinsa, kuma zuwan wanda ake haɗawa a masana'anta ya ƙara karya darajarsa.

Wasu 'yan birni a Kano da Abuja sun fara ba da zoben baiko, amma ƙari ne a kan lefe da sadaki, bai maye gurbinsu ba. Kuma yawanci amarya kaɗai ke sa na zinare, ango kan tsaya a kan azurfa, tun da Musulunci ya hana maza ado da zinare.